Zabuwar ado: Abin da na gano a lambunan Cape Town

Wannan makon zan fito da ke daga bayan kantar magani mu ɗan yi nisa da gida. Amma kafin mu tashi, ki leƙa baranda ko bakin tagar kicin ɗinki. In akwai wata tukunya a wurin da busasshen kara a tsaye cikinta, ragowar fulawar da kika sayo a bakin titi da ɗokinki, to ni da ke jirgi ɗaya ya kwaso mu. Sau huɗu ina sayen fulawa a Legas, sau huɗu ina zubar da gawarta. Biyu sun mutu ne lokacin da muka tafi gida Sallah, babu mai ba su ruwa. Biyun kuma ni na kashe su da hannuna, don na yi ta ɗura musu ruwa saboda kada abin da ya sami na farko ya same su.

A farkon watan Satumbar 2024 na je birnin Cape Town na Afirka ta Kudu, taron ƙungiyar masu harhaɗa magunguna ta duniya, wato FIP, wanda aka yi daga ranar 1 zuwa 4 ga wata. Kusan awa shida daga Legas zuwa Johannesburg, sannan awa biyu zuwa Cape Town. Na sauka da 'yar rigar sanyi ɗaya, iska ta nuna mini ban yi shiri ba. Lokacin da muke tsakiyar damina, su hunturunsu ne ke ƙarewa, kuma nasu hunturun da ruwan sama yake zuwa, ba da ƙura kamar namu ba. Da zafi ya kama kuwa, sai sama ta ɗauke ƙafa wata da watanni.

Wannan tsarin ne ya kusa durƙusar da birnin. Bayan shekara uku ana ƙarancin ruwan sama, madatsun ruwansu suka ja baya, har a watan Fabrairun 2018 hukuma ta ƙayyade wa kowane mutum lita 50 a rana. Jarka biyu ke nan irin ta mai ruwa, a ciki za a yi wanka da girki da wanki da banɗaki. Ban-ruwan lambu da ruwan famfo kuwa an hana shi ɗungurungum. Ke da kike ƙirga jarka kullum a Agege ko Mararaba, kin san wannan lissafin ba sai an koya miki ba. Abin da ya ba ni sha'awa shi ne, masu gidaje da yawa ba su haƙura da ado ba, sai suka sauya abin da suke shukawa. A ƙofar gidaje, a tsakiyar titi, a gaban shaguna, abin da ido ke yawan faɗawa a kai tsirrai ne masu kaurin ganye, masu ajiye ruwansu a jikinsu. Cikinsu kuwa dangin alobera ne sarakai.

Washegarin rufe taro na ɗauki mota zuwa Kirstenbosch, lambun gwamnati da aka kafa a 1913 a gindin Tsaunin Tebur ta ɓangaren gabas, don adana tsirran ƙasar. Ba zan ɓata miki lokaci da kwatanta kyansa ba, hoto ma gaza shi yake yi. Inda na daɗe shi ne wani sashe mai duwatsu da aka cika da dangin alobera. Na tarar da ƙarshen furensu, don a hunturu suke yi: dogayen zangarniyoyi ja da ruwan lemo da rawaya, tsuntsun nan sha-kauci mai siririn baki yana bin su ɗaya bayan ɗaya. Ni da na yi shekara biyar a jami'a ina karanta tsirran magani, a raina alobera ɗaya ce, wannan koriyar da ke bayan gidan kowa. Ashe ita 'yar gida ɗaya ce cikin dangi mai fiye da iri 500. Wata ta fi ni tsawo, wata a tafin hannu za ta zauna. Ita wadda muka sani ma, binciken masana ya nuna asalinta daga yankin Larabawa ne, inda ake kiranta sabir, kalmar da ta fito daga tushe ɗaya da haƙuri a Larabci. Kada ki haɗa ta da sabararmu, wannan wata itaciya ce daban. Mu ma muna da tamu a daji da kan duwatsun Arewa, wadda tsofaffi ke kira zabo ko zabuwa saboda ɗige-ɗigen ganyenta, wasu kuma su ce kabar giwa.

Kusa da ƙofar shiga akwai wani babban ɗaki na gilashi. Ina shiga na yi turus, don kuka ce a tsaye a tsakiyarsa, kuka irin ta bayan garinmu, an killace ta kamar amarya. Kewaye da ita tsirran busassun yankunan ƙasar ne. Na tambayi wani dattijo ma'aikacin wurin ko saboda sanyi aka yi musu ɗaki. Ya yi dariya ya ce sanyi ma yana ciki, amma babban abin da ake kare su daga gare shi ruwan sama ne. A bar su a waje hunturu ɗaya, saiwarsu ta ruɓe. Nan take na tuna fulawoyina biyu na baya. Ki riƙe wannan maganar, za mu dawo kanta.

A wurin sayar da dashe na bakin lambun na ga abin da ya sa nake wannan rubutu. Ƙananan tukwane a jere, kowace da tsiro wanda bai fi faifan murfin kwano ba, wasu ma ba su kai ba. Ganyensu a dunƙule kamar furen albasa, wani da ɗige-ɗige fari, wani da ƙananan ƙaya a jiki kamar bushiya. Waɗannan ba a daji aka samo su ba, mutum ne ya haɗa aurensu. Ba irin auren mangwaro ba, wanda ake yanka reshe a ɗaura a jikin wani. A nan garin fure ake ɗiba daga wani iri a shafa a furen wani, a jira iri ya nuna, a shuka ɗaruruwa, a zaɓi ɗaya ko biyu da suka yi kyau, sauran a zubar. Barbarar yanyawa ke nan, amma ta ganganci, kuma aiki ne na shekaru.

A Afirka ta Kudu, mutane irin su Andy de Wet da Leo Thamm sun shiga wannan sana'a tun shekarun 1970, suna neman tsiro mai yawan fure, mai jure cuta, wanda ba zai cinye fili ba. Daga hannun de Wet aka sami irin su 'Hedgehog', ma'ana bushiya, da 'Peri-Peri', sunan barkononsu. A Kalifoniya ta Amurka kuma wasu suka bi ta wata hanyar, su ganye suke wa ado ba fure ba. Sun yi amfani da ƙananan irin tsibirin Madagaska, ciki har da Aloe descoingsii wadda faɗinta bai cika wuce santimita 5 ba, da Aloe rauhii mai farin zane. Kelly Griffin ya fitar da 'Christmas Carol' da 'Pink Blush', masu jan baki da ƙuraje-ƙuraje a ganye kamar an yi musu aikin zare. Waɗannan ne kike gani a hotunan Instagram a kan teburin ofis.

Na ɗauki guda biyu na nufi wurin biya, sai na tsaya na tambayi mai kantin ko zan iya shiga jirgi da su. Ta ce sai da takardu. Ban da alobera ta gida, dangin nan duka suna ƙarƙashin yarjejeniyar CITES mai kula da cinikin tsirrai da dabbobin da ake tsoron ƙarewarsu, kuma ƙananan na Madagaskan nan da na ambata suna cikin rukunin da aka fi tsanantawa. Ga takardar lafiyar tsiro, ga jami'an killace kayan gona a filin jirginmu. Satar irin waɗannan tsirrai daga daji don sayar wa masu tara su a ƙasashen waje ta zama babbar matsala a Afirka ta Kudu, ana kama mutane a kai. Na mayar da su inda na ɗauko. In kin yi tafiya, kada ki cusa tsiro a cikin akwati tsakanin atamfofi.

Kwana ɗaya ya rage mini, sai na haɗu da wasu abokan aiki biyu muka yi hayar mota zuwa Worcester. Haka ake rubuta shi, amma Wusta ake faɗa. Tafiyar kamar kilomita 120 ce a kan babbar hanyar N1, ana ratsa cikin dutse ta ramin Huguenot mai tsawon kusan kilomita 4. Kin shiga ta gefen da ke da damshi da gonakin inabi, kin fito ƙasa ta fara bushewa. A bayan garin akwai lambun tsirran hamada na Karoo, inda ruwan sama na shekara bai cika wuce milimita 250 ba. Legas tana samun ninki shida na wannan, ko fiye.

A can na ga itacen kwari, babban ɗan'uwan alobera mai gangar jiki da rassa, wanda mutanen San mafarauta suke rarake reshensa su zuba kibau. Amma abin da na fi kallo ƙasa ce. Na durƙusa na ɗiba da hannu: tsakuwa ce da ɓarɓashin dutse, ba ta da maiƙo ko kaɗan. Na tsiyaya ruwan gorata a kai, kafin in rufe murfin ya ɓace. Tsirran kuwa ƙananan cikinsu ba a tsakiyar rana suke ba, yawanci sun raɓe a gindin dutse ko ƙarƙashin wani kurmi, rana ta same su rabin yini ta wuce. Dabararsu ita ce da rana suna rufe ƙofofin numfashin ganyensu don kada ruwa ya tsere, sai dare ya yi sanyi su buɗe. Shi ya sa suke girma a hankali, shi ya sa kuma ba sa neman komai da yawa.

A nan ne kuma na tsaya gaban Aloe ferox, doguwa mai jan ƙaya, na ji kamar na haɗu da tsohuwar malamata. A ɗakin gwaji na jami'a an taɓa miƙo mana wani dunƙule baƙi-baƙi mai ƙyalli kamar ƙaro, mai ɗacin da ba a mantawa, aka ce daga yankin Cape yake. Ga uwarsa yau a gabana. A wajen garin Albertinia har gobe ana tatsarta: a yanko ganyen ƙasa, a jera su da'ira bakin yankan yana kallon wani ɗan rami da aka shimfiɗa wa leda, ruwan rawaya ya tsiyaye, a dafa shi har ya daskare.

Wannan ruwan rawayan, wanda ke fitowa tsakanin bawo da farin yauƙin ciki, shi ne abin da nake so ki sani. Yana ɗauke da sinadarin aloyin, mai tayar da hanji da ƙarfi. Yana kawo murɗar ciki da gudawa, in an daɗe ana sha ya zubar da sinadarin fotasiyam na jiki, wanda bugun zuciya ya dogara da shi. Mai shan digoxin ko maganin sa fitsari irin furosemide, hatsarinsa ya ninka. Mai ciwon suga da ke kan magani, sugansa na iya faɗuwa. An sami waɗanda ƙodarsu ta taɓu saboda yawan sha. Ba a ba mai ciki, ba a ba mai shayarwa, ba a ba yaron da bai kai shekara 12 ba. A 2002 hukumar abinci da magunguna ta Amurka ta cire shi daga jerin magungunan sassauta ciki da ake sayarwa ba tare da takardar likita ba, domin kamfanoni ba su kawo shaidar amincinsa ba. Cibiyar binciken kansa ta Hukumar Lafiya ta Duniya kuma ta sa ruwan ganyen da aka markaɗa gaba ɗaya da bawonsa cikin abubuwan da mai yiwuwa ne su jawo kansa, bisa abin da aka gani a ɓeraye. Farin yauƙin alobera ta gida, in an wanke shi tas, ba laifi a shafa a ƙaramar ƙuna ko kaushin fata. Ƙuna ta gaske kuwa ruwa mai sanyi ake sakar mata na minti 20, a tafi asibiti.

To ina ga waɗannan na ado? Babu wanda ya haɗa aurensu don a sha ko a shafa, ba a kuma gwada su don haka ba. Iyayensu iri daban-daban ne, zaɓen da aka yi na launi ne. Ƙari a kan haka, masu renon dashe suna fesa maganin ƙwari, wani irin ma tsiron ne ke shanye shi ya zauna cikin ganye, wanki ba ya fitar da shi.

Ba da ka nake wannan magana ba. Wata biyu bayan na dawo, wata matashiya ta shigo shagonmu da yaro ɗan shekara biyu a kafaɗa, ya yi laushi, tun dare yake zawo. Da na matsa da tambaya, sai ta ce ya kwana biyu bai yi bayan gida ba, maƙwabciya ta yanko mata ganye daga wata 'yar tukunya a matattakalar bene, ta ce a matsa masa a cokali. Ta nuna mini hoton a waya: mai ɗige-ɗige ce, ta ado. Na haɗa masa ruwan gishiri da sukari na ORS nan take, na ba da zinc, na ce su wuce asibiti saboda idonsa ya fara faɗawa. Allah Ya taƙaita, ya warke. Maƙwabciyar ba mugunta ta yi ba. Mai fulawa ne ya sayar mata a matsayin ƙaramar alobera, kamar yadda ni ma aka ce mini ranar da na sami tawa a bakin titi a nan Legas, babu suna babu takarda.

Duk da haka ina ba ki shawarar ki saya. Ga mai zaman gidan haya, mai sayen ruwa, mai rufe gida ta tafi Arewa mako uku, ban ga abin ado da ya kai ta sauƙi ba. Sai dai ki fara da zubar da baƙar ƙasar da mai fulawa ya cuso ta a ciki, don ita ce ajalinta. Riƙe ruwa take kamar soso. Ki samu yashi mai tsakuwa irin na magina, ba lallausan na bakin teku mai gishiri ba, ki wanke shi. Kashi biyu na yashin, kashi ɗaya na ƙasa, ki daddaka gawayi da tsingaron tukunya ki zuba. In kin jiƙa kin dunƙula a hannu ya ƙi haɗuwa, ya yi. Tukunyar ƙasa ta fi ta roba domin tana numfashi, kuma lallai ta kasance da huda a gindi. Tangaran ɗin nan mai kyau marar huda kabari ne. Kada tukunyar ta fi tsiron girma sosai.

Wurin ajiya, ki tuna ɗakin gilashin nan. Ke da ke Legas ko Fatakwal ko Benin, abokin gabarki ruwan sama ne: ki sa ta inda rufi ya kare ta, amma hasken safe yana isa, iska tana ratsawa. Ke da ke Abuja ko Kaduna ko Kano, ranar azahar ta watan Maris da Afrilu za ta iya ƙona ganyen ya yi tabo, tabon kuma ba ya gogewa, don haka gabas za ki fuskantar da ita. Ita da kanta za ta gaya miki halin da take ciki. In haske ya ishe ta, bakin ganye zai yi ja, jikinta ya dunƙule. In ya yi mata kaɗan, sai ta koma kore fatau ta miƙe tana neman taga. A tsakiyar falo ko banɗaki ba za ta yi ba, komai abin da hoto ya nuna miki. Maganar da ake yi cewa tana tace iskar ɗaki kuma, tsiro ɗaya a tukunya bai kai buɗe taga ba.

Ban-ruwa ba a yi masa ranar mako. Ki soka tsinken tsire har gindin tukunya ki zaro. In ya fito da danshi ko ƙasa ta manne masa, ki ƙyale ta. In ya fito a bushe, ki zuba ruwa sosai a kan ƙasar, ba a tsakiyar ganye ba, har ya fito ta hudar. A barandata, da damina nakan yi mako uku ban ba ta ba, da hunturu kamar kwana goma. Ganye ya yi siriri ya lanƙwashe, ƙishirwa ce, kuma tana farfaɗowa. Gindi ya yi laushi ya yi baƙi yana wari, ruwa ne ya yi yawa, wannan kuwa da wuya a dawo. Farantin da ke ƙarƙashin tukunya ki zubar da ruwansa a take. Sauron da ke yaɗa shawara da zazzaɓin dengi irin wannan ɗan ruwan yake nema ya yi ƙwai. Taki ba ta buƙatar mai yawa, kashin kaji ɗanye kuwa ƙona saiwa yake.

In kin ga wani farin abu kamar auduga a lungun ganye, ƙwari ne masu tsotso. Ki tsoma auduga a sipirit irin na shagon magani ki goge su, ki sake dubawa bayan mako. In kuma wani wuri ya kumbura ya murɗe kamar farin kabeji, wasu ƙwari ne da ido ba ya gani suka shiga cikin naman ganyen. Ki ƙulle tsiron a leda ki jefar kafin ya shafa wa sauran. Mai kyanwa a gida ta ɗaga tukunyar sama, don tauna ganyen yana sa su amai da zawo, haka ma mai yaro mai rarrafe.

Bayan shekara ko ƙasa da haka za ki ga 'ya'ya sun fito a gindinta. Ki bari ɗa ya kai kamar kashi ɗaya cikin uku na uwar, ki ɓalle shi da 'yar saiwarsa, ki ajiye a inuwa kwana biyu ko uku bakin ciwon ya bushe, sannan ki dasa, kada ki ba shi ruwa sai bayan mako. Ganye kaɗai in kin yanka kin binne ruɓewa zai yi. Irinta kuma in kin shuka ba lallai ya ɗauko kamar uwar ba, halin ɗan aure ke nan.

Tawa ta yi 'ya'ya uku, ta kuma fitar da siririn kara mai furanni ruwan lemo ana tsakiyar hunturu. Mun tafi biki gida kwana 24, na dawo na tarar da ita yadda na bar ta, sai ƙura. Makon jiya matar mai gidanmu ta hawo sama, ta ce in yanko mata ganye ɗaya za ta haɗa da kurkum ta shafa a fuska. Na ce Hajiya, wannan ba ta shafawa ba ce. Na kai ta bayan gida na nuna mata alobera ta ainihi, na yanko mata babban ganye, na jingine shi a kofi ruwan rawayan ya tsiyaye tukuna. Sannan na ɓallo mata ɗaya daga cikin 'ya'yan nan na dasa a ƙaramin kasko, na ɗauki alƙalamin da nake rubuta yadda ake shan magani a jikin kwali, na rubuta a jikin kaskon: Ta kallo ce, ba a sha, ba a shafawa.